Layukan da Suka Yi Ƙiba

Tun tana budurwa sana'arta ke nan, zanen haruffa. Ba kowane iri ba, masu kaurin jiki da siraran layuka kamar silin gashi, da 'yan ƙafafu a ƙasa, irin waɗanda ake ƙawata bangon mujalla da kwalbar turare da su. A kamfanin mujallar da take wa aiki Malama kawai ake ce mata, kuma in ta ce layi ya yi, to ya yi.

Da mujallar ta tashi canza fuska, ita aka ba zanen sababbin haruffan sunanta. Ta duƙufa gaban kwamfuta tana gyaran lanƙwasa da ƙugiya, har ta gamsu ta aika.

Edita ya kira ta ofis. Ya baza takardun a tebur yana sosa ƙeya.

"Malama, lafiya dai ko? Siraran layukan nan duk sun yi ƙiba, kamar an yi musu kiwo."

Ta yi dariya, ta ce laifin injin bugawarsu ne. Bai musa ba, sai ya ɗauko wani tsohon aikinta ya ajiye a gefe. Ta sunkuya kan tsohon aikin. Baƙaƙen sanduna kawai ta gani a tsaitsaye, babu abin da ya haɗa su. Nan ta gane cewa duk layin da ya ɓace mata a allo, kauri take ƙara masa ba ta sani ba.

Ƙaninta direba ne ya kai ta asibitin ido. Likita ya haska ya sake haskawa, ya ce tsakiyar ganin ne ke lalacewa. Tabarau ba zai dawo da shi ba, sai dai a rage wa ciwon gudu.

A hanya ƙanin ya so ya ba ta dariya. "Yaya, ai sai ki koma zanen manyan haruffa, irin na bayan tirela. Ina da mutane."

Ta murmusa don kada ya ji babu daɗi.

Edita bai kore ta ba. Ya dai daina kira, aka ba wata aikin. Ranar da sabuwar mujallar ta fito, ƙanin ya sayo ya ɓoye a mota, amma ta matsa sai da ya kawo. Ta kai ta bakin taga, ta kusanto da ita har hancinta, ta nisanta, ta karkata kai.

"Yaya suke, haruffan?"

"Ba su kai naki ba."

"Auta, ba na ganin layi, amma kunnena na gane ƙarya."

Ya juya makullin mota a hannu.

"Suna da kyau, Yaya. Ƙwarai."

Ta gyaɗa kai, ta miƙa masa mujallar, ta ce ya kai wa matarsa, tana son hotunan kaya.