Fuskar Auta a Bangon Falo

"Malama, ƙara jan labulen nan, haske yana satar hanya ta gefe," in ji Baba Mai Majigi daga kan kujerarsa.

Na ja, na ɗora bargo a kai. Falon ya yi duhu da hantsi, sai hasken ƙaramin majigin da autarsu ta aiko daga ƙasar da take aure.

Katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu. Ya yi ƙuruciyarsa yana haska fim a silima, har silimar ta koma shagon katifu. A bana ciwon zuciya ya zaunar da shi, ƙafafunsa suka kumbura, tsayuwa ta gagare shi, shi ya sa ya ari hannuna da idona. Damuwarsa ɗaya ce: idon matarsa ya yi raunin da ba ta ganin 'yarta da jikarta a waya, kuma ba ta san maɓalli ko ɗaya ba. Yana so ya bar mata bangon a daidai.

Ya fara da zanen gwaji, layuka jere daga fari tas zuwa baƙi ƙirin.

"Na ƙarshen can, kina iya rabe su?"

"Sun haɗe, Baba."

"To ƙara haske kaɗan. A'a, wannan na murya ne, za ki kurmantar da unguwa."

Da layukan suka rabu, ya sa na kunna bidiyon autar. Fuskarta ta fito duhu, ido da haƙora kawai ake gani.

"Masu ƙera abin nan ba da irin fuskarmu suka gwada shi ba," ya ce. Ya ɗaga murya iya ƙarfinsa. "Ranki ya daɗe, a taimaka a zo."

Matarsa ta leƙo tana goge hannu. "Tukunyata tana kan wuta."

"Ta jira. Tsaya jikin bango, kusa da 'yarki, inda farin hasken zai taɓa kuncinki."

"Da tsufana ka mai da ni ma'auni."

"Wa ya ce ki haifi mai kama da ke?"

Ina murɗawa, yana duban fuskar bango, yana duban ta matarsa. Ya ce ta yi ja, na rage. Ya ce ta yi toka-toka, na koma. Numfashinsa yana tsinkewa tsakanin kalmomi, amma bai yarda mu huta ba, har fuskokin biyu suka zama launi ɗaya.

"Nan. Ɗauke hannunki."

Ta juya, ta daɗe tana kallo. "Ashe ta rame."

"Shayarwa ce. Je ki, tukunyarki tana ƙonewa."

Bai kai ƙarshen watan ba. Ya rasu da safe a kan kujerar nan tasa, Allah ya jiƙansa. Masu gaisuwa suka cika falon, aka tura teburin majigin can lungu domin a sami wurin zama.

Da gida ya yi shiru, matar tasa ta ƙwanƙwasa min ƙofa. "Malama, sun gusar da teburin. Na kunna yadda ya nuna min, komai ya karkace, yarinyar ta dushe."

Ni kuwa ban riƙe tazarar da ke tsakanin teburin da bango ba. Na bi ta dai da addu'a a bakina. Muka naɗe gefen kafet don mu ja teburin, sai ga da'ira huɗu a ƙasa, an zana su da farin fenti, layin yana rawa.

Ta durƙusa ta shafa ɗaya. "Ranar nan na same shi zaune a ƙasa, ya ce min wai carbinsa ne ya faɗi."

Muka ɗora kowace ƙafar teburin a da'irarta. Hoton bangon ya miƙe. Jikarta ta fito tana dariya, ta cika shi daga sama har ƙasa.

"Wancan haƙori ne?"

"Haƙori ne. Ya fara tsirowa."

Ta zauna a kan kafet ɗin da ba mu gama shimfiɗawa ba, ta miƙe ƙafafu, hasken yana wucewa ta saman ɗankwalinta.