Ɗan dutsen da ke aljihuna

Ni da nake koya wa yara tarihin kakanninmu Maya a garin Ticul, ni ne na yi sata a kangon tsohon birninsu. Ɗan guntun dutse ne mai sassaƙen ido, bai kai tafin hannu ba, ya ɗan saki daga jikin matakala. Na waiga, ba kowa, na cusa shi a aljihu. Wai ɗalibai zan nuna wa. Ƙarya nake, so nake kawai ya zama nawa.

Ina fitowa ruwa ya ɓarke, motar ƙarshe kuma ta wuce. Wani tsoho da ake kira Don Eleuterio, wanda ya shekara talatin yana gadin wurin, ya gama zagayensa ya same ni rakuɓe a bakin ƙofa.

"Malam, da ƙadangaru za ka kwana? Taso mu je gida."

Matarsa Doña Nicolasa ta dube ni sama da ƙasa. "Tsoho, jiƙaƙƙen zakara ka kawo mini? Tuɓe, malam, ga wandonsa, ko da yake irinka biyu za su shiga ciki." Na dunƙule nawa wandon na tura shi ƙarƙashin ragar kwanciyar da suka ɗaura mini.

Muna cin gurasar masara da baƙin wake sai ga surukinsu Fidencio, mai share ciyawar kangon. Bai kai ga zama ba tsohon ya ce, "Kai ka share matakalar gabas yau?"

"Ni ne, Baba."

"Dutsen nan mai ido babu shi. Jibi masu duba wurin za su zo daga birni, ni za su kora. Wa ka sayar wa wannan karon?"

"Baba, wancan abin shekara goma ke nan. Wallahi ban taɓa shi ba."

Fidencio ya fita bai ci ko loma ba. Ni kuwa ina ta tauna.

"Yi haƙuri, malam, mun ɓata maka cin abinci," in ji tsohon. "Nicolasa, ƙara masa."

Aka ƙara mini, na kuma cinye. Har yau in na tuna sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na yi niyyar in lallaɓa da sassafe in mayar, amma da na farka babu wando. Can na hango shi a kan igiya, wankakke, aljihunsa a zare. Doña Nicolasa tana tafa gurasa a bakin murhu.

"Doña, a cikin aljihun nan…"

Ba ta ɗago ba. "Na gan shi da nake wanki, na ba Fidencio, ya mayar tun da asuba. Ya ce wa tsoho a cikin ciyawa ya tsinta."

"Ya yarda?"

"Ina fa. Cewa ya yi tsoro ne ya sa Fidencio ya dawo da shi." Ta juya gurasar. "Na ce wa Fidencio ya faɗi gaskiya, ya ce a'a, kai baƙonmu ne. Yi sauri, yana waje da babur, zai kai ka bakin titi."

Don Eleuterio ya rako ni har ƙofa, ya riƙe hannuna da hannu biyu. Ya harari Fidencio, ya ɗaga murya yadda zai ji.

"Malam, riƙe jakarka da kyau. Ka dai san wanda zai goya ka."

Na buɗe baki zan faɗa. Sai na ji na ce, "Na gode, Don Eleuterio," na hau babur ɗin.