Hocen Inna Tambaya

Sati bakwai ke nan a jere, duk ranar Litinin sai an kawo wa Dorcas ƙunshi a gidan talabijin ɗin da take aiki a Gusau. Hoce ne, gasasshiyar wainar dawar nan, da kwalbar man shanu, wani lokaci har da ƙwan zabi. Ba sunan mai aikowa, sai 'yar takarda: "A ba mai labaran ƙarfe bakwai."

Da farko dariya ake yi, 'yan ofis na wawashe hocen kafin ma ta zauna. Amma fa a daidai lokacin Dorcas na bin diddigin wani ɗan kwangila da ya bar gada rabi a Bungudu, kuma ka san bakin mutane. Nan da nan aka fara raɗa cewa toshiyar baki ce.

Malam Lawali, shugaban sashen labarai, ya kira ta. Mutum ne da ko goro aka ba shi sai ya tambayi dalili.

"Dorcas, yau man shanu, gobe mota. Ki kawo min mai aiko wannan kaya kafin Juma'a, in ba haka ba ki sauka daga karanta labarai."

Wallahi abin ya yi mata zafi. Shekara shida tana yawo da makirfo a rana kafin ta samu kujerar nan, yanzu hoce zai raba ta da ita?

Ta ja Lukuman mai kyamara suka nufi tasha. Direban da ke kawo saƙon ya ce shi dai a Tsafe ɗan kamasho ke miƙa masa. Suka je Tsafe, ɗan kamasho ya ce saƙo nawa ke ratsa hannunsa a rana, ina zai tuna? Lukuman ya ce su haƙura su koma. Dorcas ta ce ina! Ta ciro hoce ɗaya daga jaka, ta nufi inda mata ke sayar da abinci a bakin kasuwa, ta ce su duba mata.

Wata mai awara ta juya shi sau ɗaya, ta kwashe da dariya. "Ai wanga hannun Inna Tambaya na. Ita kaɗai ke danna yatsa uku a tsakiya. Ta daina saidawa tuni, wa ya ba ki?"

Gidan na bayan makarantar firamare. Suka yi sallama, wata tsohuwa 'yar firit ta fito tana gyara ɗankwali. Ta ƙura wa Dorcas ido, ta zagaya ta, ta kama damtsenta ta latsa, sai ta rangaɗa guɗa.

"Alhamdulillahi! Abincin ya karɓe ki! Dubi kumatu!"

To, Dorcas dai tun tana yarinya ba a taɓa kiranta siririya ba. Ta dubi tsohuwar.

"Inna, ke ce ke aiko min?"

"Awo mana. Kullum sai kin ce min barka da yamma, ɗiyata, ina amsawa. Sai na ga kina ta ramewa, wuya kamar na zalɓe. Na ce wagga yarinya ba ta da mai ba ta abinci a Gusau."

Ta ja su ɗaki ta kunna talabijin ɗin da jikanta ya saya mata. Ana maimaita labaran jiya. Ga Dorcas nan a ciki, doguwa, a matse kamar an danne ta da ƙofa. An dai taɓa wani maɓalli ne hoton ya tsuke. Lukuman ya toshe baki, kafaɗunsa na rawa, kyamara na ɗauka. Ya miƙa hannu zai gyara, Dorcas ta make masa hannu.

Da yamma Malam Lawali ya kalli hoton da Lukuman ya ɗauko sau biyu, ya yi dariya har da cire tabarau. Ya ce kujera tata ce, kuma wannan labari dole a sa shi a ƙarshen labarai, jama'a su sha dariya.

Dorcas ta ce a'a. Ta ce ya ga shaida, ya isa. In an sa, duk Tsafe za su yi wa tsohuwa dariya.

"Labari mai daɗi haka za ki bari ya wuce?"

"Malam," in ji ta, "tun da mamana ta rasu, shekara tara, ba wanda ya kalle ni ya ce ko na ci abinci. Ka bar min ita."