Kicin ɗin da Babu Agogo

Shekara goma sha bakwai ke nan babu agogo a kicin ɗin Gwen Halvorsen. Da hannunta ta sauke shi, tun manyan yaranta uku suna ƙanana, ranar da ta tsinci kanta tana daka wa ɗan shekara shida tsawa don fensirinsa ya ɓata ga takwas ta gota. To a kan me? Makarantar dai teburin cin abinci ce, malamar kuma ita ce, ba ƙararrawa ba shugaba. Ta cusa agogon a saman kabad, ta kafa doka biyu: da safe ba mai cewa "yi sauri", kuma in aka kunna kyandir a tsakiyar tebur ba mai tashi sai an hure shi.

Doka ta zauna daram. A ci fanke da zuma, a jawo kwandon littattafai, ta karanta, kowa ya faɗi abin da ya ji. Iyaye mata masu koyar da 'ya'yansu a gida har daga can ƙetaren kogi suke tuƙo mota su ga yadda take yi, ita kuwa kai ya kumbura, ba ta ɓoyewa. Uku suka girma suka watse. Saura auta, Corrie, mai shekara goma sha biyar.

Ana tsakiyar yankan ciyawar shanu Corrie ta ce, "Mama, bana makarantar gari nake so." Wai akwai ɗakin gwaje-gwaje, wai akwai 'yan kiɗa. Gwen ta yi kuka, ta yi faɗa, ta yi kwana biyu tana gaba da yarinyar da ta haifa.

Mijinta Wendell ya ce, "Ke kika koya mata faɗin abin da ke ranta, Gwen. To ga shi ta faɗa."

Gwen ta sa hannu a takardar shiga makaranta, amma zuciyarta ba ta sa ba.

Ranar farko ta zo. Wendell ya yi sammako wajen shanu. Bas ɗin makaranta tana tsayawa a bakin hanyar gonarsu ƙarfe bakwai da minti goma, direban kuma ƙaho biyu yake yi ya ƙara gaba. Corrie ta sauko da jaka a baya da sabon takalmi, fuska sai sheƙi.

"Mama, a tsaye zan ci."

"A tsaye? A gidan nan? Haba Auta, tun ba ki je ba har kin koyo halinsu? Zauna. Shafi biyu kacal."

Corrie ta yi 'yar dariya, ta jefa wayarta a aljihun tebur kamar kullum, ta zauna. Gwen ta ƙyasta ashana ta kunna kyandir.

Kada wani ya ce ba ta san lokaci ba. Wanda ya shekara goma sha bakwai ba agogo ya fi mai agogo sanin lokaci. Ta sani sarai in rana ta taɓa kwalbar gishiri a kan taga, bakwai ta yi. Tana gani hasken ya hau kwalbar, ya wuce ta. Shafi biyu ya ƙare, ta juya na uku. Ba ta shirya mugunta ba, Allah ya sani. So take kawai safiyar nan ta ƙara ko da minti ɗaya, don ta san daga yau ita kaɗai za ta zauna a teburin.

Ƙaho ya tashi daga bakin hanya.

Corrie ta ɗago ta dubi kyandir, ta dubi uwarta. Gwen ba ta ɗaga ido daga littafin ba. Da ƙaho na biyu ya zo ma ƙara murya ta yi kaɗan. Sai ƙarar inji, tana raguwa, tana raguwa, har ta ɓace bayan tudu.

Gwen ta kai ƙarshen shafin ta rufe littafi. Baki ya saba, tambayar kullum ta fito da kanta.

"To, me kika ji?"

"Na ji bas ta tafi, Mama."

Sai yanzu Gwen ta dube ta. Yarinya zaune a miƙe, hannu biyu a kan tebur, jaka har yanzu a baya, hawaye na ɗiga cikin zumar fankenta. Ko motsi ba ta yi ba.

"Me ya hana ki tashi?"

"Ba ki hure ba."

Wayyo. Da zaginta Corrie ta yi da ya fi mata sauƙi. Wannan biyayya ita ce abin da Gwen take nuna wa baƙi tana taƙama, ga shi yau ta ɗauke ta ta ɗaure 'yarta da ita kamar akuya a turke. Kunya ta rufe ta.

Ta sunkuya ta hure kyandirin. Ta fizgo makullin a-kori-kura daga jikin ƙusa.

"Tashi, Auta. Yi sauri!"

Maganar ta fito a karye, don harshen ya manta da ita. Corrie ta zaro ido, sannan ta ruga.

Mil goma sha tara suka yi a kan tsakuwa. A ƙofar makaranta ƙararrawa na bugawa, yara na turereniya. Gwen ta buɗe baki za ta ba da haƙuri, amma Corrie ta riga ta dire, tana gudu jaka na dukan bayanta. Ba ta waiwayo ba. Ai an ce mata ta yi sauri.

A gida faranti biyu na nan yadda aka bar su, kakin kyandir ya daskare a kan tebur. Gwen ta jawo kujera ta hau, ta laluba saman kabad, ta fito da agogon ya yi butu-butu da ƙura. Ta goge shi da gefen rigarta, ta cire batirin tocila ta sa masa, ta saita shi da wayarta. Ƙusarsa ta da tana nan inda take, ta rataye shi.

Ta zauna ita kaɗai tana jin tafiyarsa, tana kuka ba mai rarrashi. Takwas da rabi ya nuna. Bas ba za ta dawo ba sai huɗu.