Daɓen Ɗakin Hure

Ranar da Zakiyya ta bugo waya ta ce tana nan zuwa gida da kyamara da rakoda, Malam Mati bai tambaye ta dalili ba, don a ganinsa ya riga ya gane. Shi ne maginin da ya yi wa zaurukan masu hali ado da laka tun daga ƙauyensu har cikin Bici, kafin bulo ya zo ya kore ginin ƙasa. Zakiyya kuwa autarsa ce, tana zaune a birni, unguwar Rijiyar Zaki, tana digiri na uku a jami'a, a fannin tarihin zane-zane da ado. To wa za ta zo ɗauka in ba shi ba?

Ya sa aka wanke masa babbar riga, ya je aka yi masa aski. Ya zaƙulo tsohon cokalin gininsa ya goge shi da toka. Damina ce, gero ya kai gwiwa, maƙwabta duk sun fita noma, amma shi ranar zuwanta ya ce bayansa na ciwo. Ya shimfiɗa tabarma a zaure ya zauna.

Da hantsi Zakiyya ta iso. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi gona da ruwa, ta ce rigar ta yi masa kyau. Daga nan ta ɗauki jakarta ta shige cikin gida.

Ya jira. Ya gyara hula ya sake jira. Da ya ga rana na neman take tsaka, sai ya tashi ya bi ta. Ya tarar da ita zaune a ƙofar ɗakin uwarta, Hure, ta ajiye rakodar a kan turmin da aka kife, Hure kuwa tana tsince wake a faifai tana kawar da kai.

"Auta, ba a zaure za mu yi ba ne?" in ji shi.

"Mu yi me, Baba?"

"Maganar aikin mana."

Zakiyya ta dubi rigar, ta dubi cokalin da ke hannunsa, sai ta gane. Ta kashe rakodar ta miƙe.

"Baba, ka yi haƙuri, da na yi maka bayani tun a waya. Bincikena a kan aikin mata ne. Aikinku na magina an daɗe ana rubuta shi, akwai hotuna, akwai sunaye. Na su Inna ne ba wanda ya taɓa rubutawa: daɓe, da jere, da zanen ƙwarya."

"Daɓe?" Ya maimaita kalmar kamar yau ya fara jin ta. "Daɓen ɗaki?"

"Ka ji dai, Malam," in ji Hure. "Tun ɗazu nake gaya mata. Ƙasa ce ake bugawa don a sami wurin shimfiɗa. In ana neman gwaninta ga ka nan."

Mati ya juya. Ya koma ɗakinsa ya tuɓe rigar ya ninke, ya ɗauki fartanya ya nufi gona, ciwon bayan ya warke.

Zakiyya ba ta bar uwarta ta tsere ba. A hankali, ana tsinar wake ana hira, Hure ta fara saki. Ta faɗi yadda ake ɗebo marmara a yayyafa mata ruwa, a jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, har ruwan ya yi ja, mata su durƙusa a jere kowa da madaɓinta, ana bugu ana waƙa. Ta ce yawancin mata a nan suke tsayawa, amma ita da ƙawarta Susanna, ta unguwar Kiristoci da ke ƙetaren rafi, sukan tara fasassun tukwane da na tangaran su dasa su cikin daɓen kafin ya bushe. Har daga wasu garuruwa akan aiko a ɗauke su su yi wa amare.

"Akwai wanda ya rage, Inna? Ko ɗaya?"

"Ina fa! Siminti ya cinye."

Gaskiya ta faɗa. Zakiyya ta yi mako tana bin ƙauyuka a kan acaɓa, tana shiga ɗakunan tsofaffi, ba ta sami ko tafin hannu ba. Wani yammaci bayan la'asar ta dawo a gajiye, ta zauna a tsakar gida ta kira malamar da ke duba aikinta, Dakta Aina'u. Mati yana gefe yana gyara ƙotar fartanya, yana yi kamar ba ya ji. Da ta kashe wayar sai ta yi tagumi.

"Me ta ce?" in ji Hure.

"Ta ce hirar ta yi kyau, amma tarihin zane ba ya tsayawa da magana kaɗai. Sai an ga abin da ido. In ban samu ba, wataƙila in cire babin daɓen gaba ɗaya."

Mati ya ci gaba da buga ƙotar. Can ya ajiye ta, ya yi gyaran murya.

"Na ɗakin uwarki ban fasa shi ba."

Suka juyo su biyun.

"Shekarar da na sa mata siminti, yashi na zuba a kai na baje, sannan na shafe. Simintin ma bai ishe ni ba, shi ya sa ban yi shi da kauri ba."

"Ashe!" in ji Hure. "Shi ya sa in na taka yake ƙara kamar ganga. Ka ce mini haka simintin kirki yake yi."

Zakiyya ta riga ta miƙe tsaye. "Baba, za a iya ɗaga shi?"

"In an sami magini."

"A'a, ku tsaya," in ji Hure. "Ɗakina ne fa kuke magana. Ni ina zan kwana?"

"Ga ɗakin Baba."

"Da wannan rediyon nasa?"

Amma kashegari da safe ita ce ta fara kwashe kwanukanta daga kabad. Aka fitar da gado da akwatuna, aka jibge su a rumfa aka rufa da leda saboda ruwa. Mati ya ɗaura tsohon wandonsa na aiki, ya shiga da guduma da ƙarfe mai faɗin baki. Ya hana kowa taɓawa. Ya ce wannan ba aikin ƙarfi ba ne, in aka yi gaggawa abin da ake nema za a farfasa.

Daga bakin ƙofa ya fara. Yana ɗaga simintin ɓawo-ɓawo, Zakiyya na kwashewa a kwando. Da ya share yashin, sai ga ƙasa ruɓaɓɓiya, laima da gara sun gama da ita. Ya matsa gaba, nan ma haka. Zuwa azahar ya buɗe kusan rabin ɗakin, ba abin da aka samu sai 'yan ɓarɓashin tukwane a warwatse. Zakiyya ta zauna a kan dokin ƙofa, idonta ya kawo ruwa.

"Baba, bar shi haka. Na sa ka wahala, na kuma ɓata wa Inna ɗaki."

"Je ki kawo mini ruwa in sha," in ji shi, bai ɗago ba.

Gwiwoyinsa sun daɗe da daina son durƙuso. Hure ta lura da yadda yake dafa bango in zai tashi, sai ta ninke tsohon zanenta ta jefa masa ya sa a ƙarƙashinsu.

Rana ta biyu ya isa ƙuryar ɗakin, inda gado ya daɗe a ajiye, wurin da ruwa ba ya kaiwa. Ƙarfen ya shiga, simintin ya ɗago da faɗi, ƙarar ta sauya. Mati ya ajiye guduma ya ci gaba da hannu. Ya ture yashin da tafinsa, ya hura, ya nemi tsumma da ruwa ya goge.

Daɓen yana nan, ja wur, santsi kamar bayan tulu. A cikinsa an dasa jajayen gutsattsarin tukunya zagaye cikin zagaye, tsakanin kowane zagaye da na gaba an bi da fararen tangaran masu ɗigon shuɗi. Daga gefe wani layi ya taso yana lanƙwasa kamar yaɗon kabewa, ya bi gindin bango ya ɓace inda gara ta ci.

Ya daɗe a durƙushe. Bai kira Zakiyya ba, Hure ya kira.

Ta shigo tana goge hannu a zane, ta tsaya a kansa.

"Au, yana nan ashe," in ji ta.

Mati ya buɗe tafinsa ya auna zagayen farko da taƙi, ya auna na biyu, ya zagaya ya auna ta ɗaya gefen.

"Kun ja igiya ne?"

"Wace igiya? Susanna ta riƙe wancan gefe, na riƙe wannan, muka haɗu."

"Shekara nawa ina taka wannan abu?"

"Ai kai sama kake kallo, Malam. Duk ɗakin da ka shiga, bango da azara."

Ya yi dariya, ya goge idonsa da bayan hannu, ya ce yashi ne ya faɗa masa.

Zakiyya da ta shigo ta gani sai ta rungume uwarta har ɗankwali ya zame. Nan take aka tura ɗan acaɓa ƙetaren rafi. Ba a jima ba ya dawo da Susanna, 'yar tsohuwa siririya mai sanda da tabarau. Tun daga zaure take faɗa, wai an taso ta tana tsakiyar dama kunu. Da ta leƙa ƙuryar sai ta saki sandar, ta zauna a ƙasa.

"Hure, farantina!"

"Naki kuma? Na kakata ne."

"Wallahi nawa ne. Wanda aka ba ni a coci ranar aurena. Akuyar mijina Lazarus ta ture shi, na yi kwana biyu ban yi masa magana ba. Ba ni na ƙunso shi a bakin zane na kawo miki ba?"

"To, farantin naki ne. Amma yaɗon kabewar nan hannuna ne."

"Hannunki? Ke da layinki kullum sai ya karkace?"

Zakiyya ta kunna rakoda ta ajiye a tsakaninsu, ba wadda ta kula. Suka yi ta musu suna dariya, suna tuno ɗakunan da suka yi da amaren da yanzu sun zama kakanni. Da Zakiyya ta tambayi sunan kowane zane, sai su faɗa tare, wani lokaci kowa da nata sunan, ta rubuta duka biyun. Susanna ta ɗan rera waƙar da suke bugu da ita, Hure ta ce ta bari, Malam na ji, sannan ita ma ta karɓa.

Ɗakin ba haske sosai, hoton ya ƙi fita. Mati ya shiga ɗakinsa ya ɗauko farin mayafin gado, ya tsaya a ƙofa ya ware shi yadda hasken rana zai faɗa ƙuryar. Hannayensa suka gaji, bai sauke ba sai da ta ce ya isa.

Dakta Aina'u da ta ga hotunan a waya ta ce za ta zo da kanta. Ta zo kuwa ranar Asabar, ta cire takalmi ta durƙusa, ta yi wa tsofaffin tambayoyi har la'asar, ta koma da damin zogale. Babin daɓe ya zama shi ne mafi tsawo a aikin.

Ranar da Zakiyya za ta koma, ta sami mahaifinta a zaure.

"Baba, zan sa sunanka a shafin godiya. Yaya zan rubuta? Malam Mati Magini?"

Ya ɗan yi tunani. "Wannan littafin ba na magina ba ne. Sa Mati, mijin Hure. Za a gane."

Saura maganar ɗakin. Zakiyya ta so a bar shi a buɗe yadda yake, ko wasu ɗalibai za su zo gani. Hure ta ce sam.

"Ni ba zan kwana a kan rami ba don a zo kallo. Kuma siminti na gama da shi. Tayil nake so, irin na ɗakinki na Rijiyar Zaki, wanda ake gogewa da tsumma."

Haka aka yi. Mati ya sa kafinta ya yi wa ƙuryar murfin katako mai ɗagawa, sauran ɗakin ya shimfiɗa tayil da hannunsa. Wajen yanka na gefe-gefe wasu suka farfashe, ya tara su a kwano zai zubar. Hure ta tare shi a tsakar gida ta karɓe kwanon, ta juya gutsattsarin da yatsa, ta aika a kira Susanna.

Da Zakiyya ta dawo bayan kaka da labarin ta kare aikinta a gaban malamai an amince, ba ta sami kowa a zaure ba. Ta shiga ciki. A ƙofar ɗakin Hure an kwaɓa siminti an baje, tsofaffin biyu na zaune a kan kujeru 'yan tsugunno, kowa da sanda a hannu tana nuni. Mati yana durƙushe a gabansu da gutsuren tayil tsakanin yatsu.

"Ba nan ba, Malam. Matsa dama."

"Hagu dai," in ji Susanna. "Kada ka biye mata."

Ya ɗago ya ga 'yarsa, fuskarsa duk siminti.

"Yauwa, Auta, sannu da hanya. Ajiye jakar ki zo ki raba mana gardama, simintin na bushewa."