Biyun da Aka Auna wa Baba

Ni Harisu, direban tarakta ne a gonakin Simsim. Abin da aikina ya koya mini shi ne, inji in ya shaƙe, iska ake buɗe masa. Da wannan ilimin nawa na kusa kashe ubana.

Baba ya shekara talatin yana ƙona gawayi a Hawata, hayaƙi ya cinye masa ƙirji. Ranar da numfashi ya gagare shi, muka kawo shi asibiti a Gadarif. Aka sa masa roba a hanci, aka haɗa da tukunyar iska, aka tsayar da ma'auninta a kan biyu. Na leƙa, na ga lambobin har goma sha biyar suka kai. Raina ya ɓaci. Mutumin da bai taɓa auna mana tuwo ba, shi za a auna wa iska? Ma'aikaciyar jinyar da ta haɗa masa tana juya baya na murɗa zuwa goma.

Kafin azahar Baba ya yi luf yana barci. Har ina yaba wa kaina.

Likitar, Diktora Lamis, ta shigo ta girgiza shi, bai motsa ba. Ta kalli ma'aunin, ta kalle ni.

"Ya zol, bawan Allah, wa ya taɓa wannan?"

"Ni ne, diktora. Na ga ba ta isarsa."

Ta mayar da shi biyu, ta ƙwala wa ma'aikata kira. Sai da suka gama kai-kawo a kansa ta waiwayo ni.

"Gurɓatacciyar iskar da ke taruwa a jini, ita ke tsikarar mutum ya numfasa ya fitar da ita. Jikin babanka ya saba da ita, ya daina jin tsikarin sosai. Da ka cika shi da mai kyau, sai ya ƙara sakin jiki, gurɓatacciyar ta taru ta sumar da shi. Fihimta?"

Na ce na gane. Wallahi ban gane ba. Yaya mugun abu zai riƙa tashin mutum, mai kyau ya kwantar da shi? Na juya maganar har kaina ya yi zafi, tsoro kuwa ya cika ni.

Bayan la'asar Baba ya buɗe ido, yana haki.

"Harisu, rowa suke yi mini. Ƙara mini kaɗan."

Tunda aka haife ni ban taɓa ce masa a'a ba. Hannuna har ya kama hanya, na janye shi na zauna a kansa.

"Ma'alesh, Baba, yi haƙuri. Biyu ce."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya juya fuskarsa bango.