Girar da Ba Ta Son Rana

Ƙanwata Radiyya tun tana yarinya take rigima da girarta. Gashin 'yan tsiraru ne, sai ka matso kusa kafin ka yarda akwai. Shekara da shekaru tana zana ta da fensir, zufa tana gogewa. Ɗalibanta na firamare sun saba ganin malama ta shigo aji da gira biyu ta fita da ɗaya da rabi. Wata Asabar ta shiga mota ta tafi Kano ba ta gaya wa kowa ba, ta dawo da irin girar nan da ake tsaga fata da 'yar allura a cusa launi. Sunan abin da Turanci ne, na gwada faɗa harshena ya ƙi.

Gidana ta fara sauka. Na dube ta na ce, "Radiyya, wa ya ɓata miki rai?"

"Ba kowa, Yaya Turai."

"To me na yi miki kike harara ta?"

"Ba harara ba ce. An ce zai lafa idan ya warke."

Matar da ta yi mata aikin ta kafa mata dokoki: ban da susa, ban da ɓanɓare ɓawon, ban da zufa, uwa uba ban da rana har sai wurin ya warke. Wai rana tana shanye launin, ta bar shi jaja-jaja ko toka-toka. Ko bayan an warke ma, sai da man kare rana da neman inuwa. Na ce, "Ita wannan matar ta taɓa zuwa nan garinmu Wudil kuwa? A watan Afrilu?"

Da farko ta ɗora hular hana-sallah a kan hijabi. Mijinta Tasi'u ya kalle ta ya ce in dai haka za ta fita, kada ta gaya wa kowa matarsa ce. Ta koma lema. Ranar farko a kan acaɓa, suna hawa gada iska ta juye lemar ciki ya koma waje. Daga nan ta ari nikabin maƙwabciyarta, mai labule biyu, wanda siririn yake saukowa ya rufe har ido. Shi ke nan, gira ta sami inuwa.

Abin da ba ta lissafa da shi ba, mutanen gari. Hedimasta ya fara gaishe ta kansa a ƙasa. Mai naman da ya saba tsokanar ta ya koma "sannu Malama, Allah ya ƙara imani". Matan unguwa suka fara kawo mata tambayoyi kan ramuwar azumi. Ita kuwa ba ta ƙaryata kowa ba, sai "amin, amin" daga bayan ƙyalle. Ni na san komai, amma na ja bakina, don ba ni aka aika ba.

Ana haka labari ya kai ƙauyenmu Ɗankaza, wurin Baba. Ya aiko da zabi biyu da saƙo: yana son ganin 'yarsa da ta kama hanya. Wanda ya kawo saƙon ya ce ai har a ƙofar masallaci Baba ya faɗa, bakinsa ya ƙi rufuwa. Baban nan fa shi ne ya taɓa bin Radiyya da tsumagiya don ta shafa jan baki ranar Salla. Kuma ba a zama da nikabi a gaban uba. Tana ɗagawa zai ga girar, ya gane abin da ƙyallen yake karewa.

"Yaya, ki raka ni," in ji ta. "Zan ja hijabi har bakin ido, mu zauna a ɗaki inda babu haske. Idonsa ai ba ya gani sosai."

"Wato mu je mu cuci tsoho da idonsa."

"Yaya mana!"

Na raka ta. Me zan yi, ƙanwata ce.

Mun isa hantsi ya ɗaga. Baba yana tsakar gida a kan tabarma, ba ko bishiya a kansa. Muka durƙusa muka gaisa, ya tambayi maza da yara da aiki da zafi, ɗaya bayan ɗaya. Radiyya ta cire nikabin, hijabi a janye har kusan hanci, ta ce, "Baba, mu shiga ɗaki mana, rana ta yi."

"A ɗaki ba na ganin komai, yanar nan ta rufe min ido. Matso nan inda rana take. Ja abin nan baya, ko ni ma baƙo ne?"

Ta kalle ni. Na kalli akuya.

Ta matsa, ta ja hijabin baya. Rana ta sauka a kan girar nan sosai, baƙa wuluk, a tsare kamar an ja ta da rula. Baba ya kawo fuskarsa kusa, ya daɗe yana dubawa. Ni dai na gyara zama ina jiran wa'azi.

"Wannan ba fensir ba ne," in ji shi.

"A'a, Baba."

"Nikabin saboda shi ne?"

"E, Baba. Ba ya son rana."

Ya gyaɗa kai. Bai ɗaga murya ba, bai kawo aya ba. Ya ce, "Kin yi kyau."

Sannan ya ce, "Turai ni ta ɗauko, Allah ya ba ta haƙuri. Ke ce kika ɗauko uwarku. Ita ma Talatu haka girarta take, kamar an fara aka manta. Tun da ta rasu, in na so ganinta sai in dube ki. Na ji idon yana tafiya, shi ya sa da labarin nan ya zo na ce ga dalili, bari in kira ki in ƙara kallo."

Wallahi gara a ce zagin mu ya yi. Na rasa inda zan sa idona.

"Yana fita?" ya tambaya.

"An ce yana dusashewa a hankali, Baba. Shekara ɗaya, ko biyu."

"Shekara biyu," in ji shi. Ya shafa idonsa da bayan hannu. "To, Allah ya kai mu."

Ya juya yana kiran a kawo mana ruwa. Na ga zufa tana gangaro wa Radiyya daga goshi, na jawo lemata na buɗe a kanta. Ba ta ko kalle ni ba.

"Rufe, Yaya," in ji ta.

Na rufe. Muka zauna a nan har aka kira azahar.